Abin da Hanyoyin Burji na Cikin Kurmi Suka Koya Mini a Kan Keke

A kan kwalta na fara hawan keke mai nisa, kamar yawancin mutane, kuma a can na saba auna tafiya da kilomita. Idan aka ce kilomita 80 ce, na san awa uku da ɗoriya ke nan, na san ruwan da zan ɗauka, na san lokacin da zan dawo. Da na bar kwalta na koma hanyoyin burji da tsakuwa masu ratsa tuddai da kurmi, wannan lissafi shi ya fara watsa mini ƙasa a ido. Kilomita 50 a cikin tuddai tana iya cinye yini guda, ta cinye takalmin birki sabo, ta bar mutum yana tura keke da magariba a ƙarƙashin itatuwan da ba sa barin haske ya sauko. Shaidar da zan bayar ta shekarun da na yi ina bin irin waɗannan hanyoyi ce, kuma duk a kan abu guda take: tsawon hanya shi ne mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da ya kamata mahayi ya sani game da ita.

Abin da nake fara tambaya yanzu shi ne jimillar hawa, wato idan aka haɗa duk tuddan da ke hanyar, mita nawa mutum zai hau. Sai in raba wannan adadi da tsawon hanyar. In ya fito ƙasa da mita 10 a kowace kilomita, hanya ce mai sauƙi. Daga 15 zuwa 20, tuddai ne na gaske, ƙafa za ta ji a jikinta. Da zarar ya kai 25, to ba yawon shan iska ba ne kuma, aiki ne. Hanya mai kilomita 60 da hawan mita 1,200 ta faɗa a 20 ke nan. Lissafina na lokaci, wanda na gwada shi har na yarda da shi ga matsakaicin mahayi, shi ne kilomita 20 a awa ɗaya don tsawon hanyar, sannan in ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 800 ta hawa, sannan in ƙara tsayawa. Waccan hanya ta zama awa uku, da awa ɗaya da rabi, da kamar minti 45 na hutu da duba taswira: awa biyar da kwata, in babu abin da ya lalace.

Jimillar ma takan ɓoye abu. Tudun da aka rubuta matsakaicin tsayuwarsa kashi 6 cikin ɗari, wato yana tashi mita 6 a kowace mita 100, yana iya kasancewa shimfiɗaɗɗe a ƙasa sannan ya miƙe zuwa kashi 15 kusa da ƙoli. Shi ya sa nake buɗe taswira mai layukan tsayi, wato layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya, in duba inda layukan suka matse da juna. Hanyar da ta bi gefen layin tana lanƙwasa da shi, mai sauƙi ce. Wadda ta yanka layuka biyar a jere kai tsaye, a shirya saukowa a tura. A kan kwalta kashi 12 wahala ce kawai. A kan tsakuwa mai motsi, daga nan ne tayar baya take fara juyawa a banza.

Na jima kafin in gane cewa hanyoyin cikin gandun daji iri biyu ne, kuma sanin wanda aka yi wa hanyar shi ke gaya maka yadda take. Akwai waɗanda aka gina don manyan motocin ɗaukar gumagumai. Mota mai nauyin kaya ba ta son tsayayyen tudu, don haka irin wannan hanya tana hawa a hankali, tana zagaya kwari, an danne ta da dutse, an yi mata kwalbati da lambatu. Ita ce aljannar mai keken tsakuwa. Akwai kuma sawun da injinan jan itace suka bari, wanda yake miƙewa sama ba zagaye, mai ramuka biyu masu zurfi da ruwa ke kwanciya a ciki. A taswira duka biyun layi ne siriri iri ɗaya. Yawancin manhajojin tsara hanya, irin su Komoot da Ride with GPS, daga taswirar intanet ta OpenStreetMap suke ɗauko bayanansu, kuma a can an kasa hanyoyin daji gida biyar. Mataki na 1 ƙasa ce mai tauri sosai, sau da yawa ma an shimfiɗa mata kwalta ko kankare. Na 2 tsakuwa ce dannanniya. Na 3 rabi tauri rabi laushi. Na 4 laushi ya fi yawa, na 5 kuwa ciyawa ce ko yashi ko ƙasa zalla. Ni ina gina tafiyata a kan na 1 da na 2, in yarda da na 3 in an kwana biyu ba ruwa, na 4 da na 5 kuwa sai in gajeren yanke ne da zan iya turawa cikin minti goma. Sai dai masu sa kai ne ke cika wannan bayani, wani an rubuta shi shekaru da suka wuce. Hoton tauraron ɗan'adam kuma ba ya taimakawa a kurmi, ganye kawai yake nunawa. Abin da ya fi amfani shi ne taswirar manhajar Strava mai nuna inda mutane suka fi bi: layin da ya yi haske ana bin sa, wanda ya dushe a tsakiya akwai dalili, ko ƙofa a kulle, ko gada ta karye, ko daji ya haɗiye hanyar.

Ganin hanya a taswira ba izinin bin ta ba ne, kuma dokoki sun bambanta ƙwarai. A Sikotilan, dokar filaye ta 2003 ta ba mai keke damar bin mafi yawan ƙasa muddin bai yi ɓarna ba. A Ingila da Wales an yarda a bi hanyar dawakai tun dokar 1968, amma ba hanyar masu tafiya a ƙafa ba. A jihar Baden-Württemberg ta Jamus, inda kurmin nan da ake kira Baƙin Daji yake, ba a yarda a hau keke a hanyar daji da faɗinta bai kai mita 2 ba sai inda aka keɓe. A Ostiriya dokar gandun daji ta 1975 ta hana hawa keke a hanyoyin daji sai da yardar mai wurin. A Amurka kuma yankunan da dokar 1964 ta keɓe don a bar su yadda Allah ya yi su, keke ba ya shiga. Manhaja ba ta cika sanin wannan ba, za ta zana maka layi ta tsakiyar haramtaccen wuri ko a jikinta.

In hanyar zagaye ce, ta wane gefe za a fara? Masu keke suna jayayya a kan wannan. Ra'ayina shi ne a hau ta gefe mai kaushi, a gangaro ta gefe mai laushi, muddin kaushin bai wuce abin da taya za ta kama ba. Dutsen da ka taka a gudun kilomita 8 girgiza ce kawai, wanda ka taka a gudun 40 kuwa yana iya tsaga taya ko ya karya ƙashin wuya. Babban tudu ya zo a rabin farko. Kuma kafin in fita sai na san wurare biyu ko uku da hanyata ta kusanci kwalta, don in abu ya ɓaci in san ta inda zan fice.

Yanzu sai taya, wadda ita ce na fi daɗewa ina yi wa kuskure. Na zo daga kwalta da imanin cewa taya mai tauri ita ke gudu, na riƙa buga iska har sai yatsa ya kasa lotsa ta. A kan tsakuwa akasin haka ne. Taya mai tauri takan yi tsalle a kan kowane dutse, kowane tsalle kuma ƙarfin ƙafarka ne yake tafiya sama maimakon gaba, ga shi lokacin da take iska ba ta riƙe komai ba. Mai ɗan laushi takan rungumi dutsen ta wuce. Ga hanyoyin tuddai da kurmi, faɗin milimita 40 zuwa 45 shi ne tsaka-tsaki, 50 kuma in keken ya ɗauka, ba asara. Mahayi mai nauyin kilo 75 a kan taya mai milimita 42 marar tif zai iya farawa da iska kamar psi 30 a gaba da 33 a baya, psi kuwa ma'aunin ƙarfin iskar taya ne. Ta baya ta fi ɗaukar nauyi, shi ya sa ta fi iska. Mai nauyi ya ƙara, marar nauyi ya rage, in ƙasa ta jiƙe a sake rage psi biyu ko uku. Daga nan sai jiki ya ƙarasa gwajin: in keke yana rawa a kwana kamar tayar za ta nannaɗe, ko ka ji ƙarfen rim ya daki dutse ƙwal, iska ta yi kaɗan. In hannu yana zuga, tayar gaba tana zamewa a kan tsakuwa, ta yi yawa. A auna da ma'auni, ba da yatsa ba, domin bambancin psi uku yatsa ba ya jin sa amma kwana tana ji. Wani gargaɗi: rim ɗin zamani marar leɓen riƙe taya iyakar iskarsa psi 72.5 ce, kuma ba kowace taya ke dacewa da shi ba.

Kada a ruɗu da abin da 'yan tsere ke hawa. A gasar duniya ta farko ta keken tsakuwa, wadda aka yi a yankin Veneto na Italiya a 2022, Gianni Vermeersch na Beljiyam ya yi nasara ne da keken kwalta da aka sa wa taya mai ɗan faɗi, saboda hanyar shimfiɗaɗɗiya ce mai laushi. Wannan keke ba zai yi awa guda a kan saiwoyi da dutsen kurmi ba tare da mai shi ya yi da-na-sani ba.

Taya marar tif ta sauya mini tafiya fiye da kowane kayan da na saya. Ana zuba mata ruwan roba mai kama da madara, kamar mililita 60 a kowace ƙafa, in ƙaya ta huda sai ruwan ya biyo iska ya daskare a bakin hudar. Ta kuma kawar da facin nan mai huda biyu kamar saran maciji, wanda ke faruwa idan rim ya matse tif a kan dutse, kuma shi ne ke hana masu tif rage iska. Amma ruwan yana bushewa, a wuri mai zafi cikin wata biyu ko uku, a mai sanyi ya ɗan fi haka. Girgiza ƙafar kusa da kunne, in ba ka ji motsin ruwa ba, kana tafe ne ba kariya. Hudar da ta wuce milimita uku ko huɗu ruwan kaɗai ba ya toshe ta, sai an cusa igiyar roba mai danƙo da allurarta, a juya hudar ƙasa ruwan ya taru a kanta, a buga iska. In gefen tayar ne ya tsage, sai a kwance bawul, a shafa cikin tayar da yatsa a cire tsofaffin ƙayoyin da ruwan ya ɓoye, a shimfiɗa wani abu mai ƙarfi a kan tsagar daga ciki, a sa tif. Wanda ya manta cire ƙayoyin zai huda sabon tif kafin ya gama buga shi. Notin bawul kuma da hannu ake ɗaure shi a gida, domin wanda aka matse da filaya ba zai kwantu a daji ba. Dutse mai kaifi shi ke yanka gefen taya. Tseren Unbound na garin Emporia a jihar Kansas, wanda mutum 34 suka fara a 2006 a kan mil 200, ya yi suna da wannan, saboda tuddan wurin cike suke da dutsen ƙyastu. Duk inda ƙasa take haka, a sayi taya mai ƙarin kariya a gefe, ko da ta ɗan fi nauyi.

Giya lissafi ce mai sauƙi da na ƙi yi shekaru saboda girman kai. Ƙafar keke mai taya milimita 40 tana cin kamar mita 2.2 a kowane juyi. In faranti mai haƙora 34 ne a gaba da mai 28 a baya, kamar na keken kwalta, kowane zagayen feda yana kai ka kusan mita 2.7. A tudun da gudunka ya sauko zuwa kilomita 7 a awa, feda za ta riƙa zagayawa sau 44 kacal a minti, kowane taku da ƙarfin tsiya, kowane taku kuma yana fizgar tayar baya ta zame. In aka sa 40 a gaba da 42 a baya, ko 30 da 34 ga mai faranti biyu, zagayen ya koma wajen 55 zuwa 60, ƙarfin ya rarrabu. Ƙa'idar ita ce farantin baya mafi girma ya fi na gaba yawan haƙora. Mai ɗauke da kaya, ko mai bin tuddai masu tsayi, ya nemi 46 ko 51 a baya. Ban taɓa jin wanda ya dawo daga kurmi yana kukan giyarsa ta yi sauƙi da yawa ba.

A kan tudu mai tsakuwa zama ake yi. Da ka miƙe tsaye nauyi ya bar tayar baya, sai ta juya a banza. Matsa gaba zuwa hancin sirdi, ka sauke ƙirji kusa da kan keke don ta gaba kada ta ɗaga, ka canza giya tun kafin tudun ya tsananta, domin sarƙar da aka canza mata giya ana danna feda da ƙarfi ita ce ke tsinkewa. Nemi sawun da tayoyin mota suka danne, tsakiyar hanya da gefenta nan ne tsakuwa ke taruwa. In ka tsaya a tsakiyar tudu, ka karkata keken ya ɗan gitta hanyar kafin ka sake tashi. In kuma gudunka ya sauko ƙasa da na mai tafiya a ƙafa, sauka ka tura. Babu mai ba da lambar yabo a can.

Gangara ce take kai mutane asibiti. Hannu ya sauka ƙasan lanƙwasar kan keke, inda yatsa ke samun ƙarfin jan birki kuma girgiza ba ta fizge hannu. Feda biyu su daidaita, gwiwa da gwiwar hannu a sake, mazaunai su ɗan tashi daga sirdi, ido ya tafi mita 10 zuwa 15 gaba yana kallon inda kake son bi. Abin da ka zuba wa ido shi za ka taka. Birki kafin kwana ake kama shi, lokacin da keke yake a miƙe. Birkin gaba shi ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, kuma shi ne in aka ja shi a tsakiyar kwana mai tsakuwa yake kwantar da mutum kafin ya ankara. A kwanar, fedar waje ta sauka ƙasa, a danna ta, a kwantar da keken fiye da jiki. In ka shiga gargada, wato ƙananan kunyoyin nan da motoci ke yi wa burji, sassauta riƙo ka bar keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinka. In taya ta faɗa ramin da ruwa ya zaizaye a tsawon hanya, kada ka yi ƙoƙarin fita ta gefe da gudu, bi shi ka rage gudu har ya ƙare. A hanyoyin tudu akan gitta kwata ta katako ko ta ƙarfe don kore ruwa, a karkace take kwanciya, kai kuma sai ka ƙetara ta a miƙe, ba birki, ka ɗauke nauyi daga tayar gaba.

Gangara mai tsawo tana da wata matsala daban, zafi. In aka riƙe birki ba saki na tsawon mintuna, faifan da takalmin birkin sukan yi zafi har kamun ya ragu, hannun birki ya yi laushi, ka ji wari. Maganinsa a ja da ƙarfi a rage gudu sosai, a saki gaba ɗaya, a sake ja. Faifai mai milimita 160 gaba da baya ya fi 140 jure wannan. Takalmin birki iri biyu ne: mai haɗin roba ba shi da ƙara, yana kamawa da kyau a bushe, amma laka mai yashi tana iya cinye shi a yini guda, mai haɗin ƙarfe kuwa yana kuka amma yana jure ruwa da zafi. Shimano ta ce a canza takalmi in kaurinsa ya sauko zuwa rabin milimita, faifai kuma in ya kai milimita 1.5. Ni ba na shiga kurmi a damina da takalmin da bai kai milimita ɗaya ba, kuma da sabo a jaka. Sabon takalmi sai an hore shi: a ɗauki gudu a ja birki da ƙarfi ba tare da tsayawa cak ba, kamar sau 15 zuwa 20, sannan ya fara kamawa yadda ya kamata.

Kurmi yana riƙe ruwa. Fili yakan bushe kwana ɗaya bayan an yi ruwa, inuwar itatuwa kuwa ta yi mako da danshi. A arewacin duniya gefen tudu mai fuskantar arewa ya fi daɗewa a jiƙe saboda rana ba ta cika dukansa ba, a kudanci kuma akasin haka. Saiwa jiƙaƙƙiya, gadar katako mai gansakuka, da shimfiɗaɗɗen dutse mai raɓa duk hukuncinsu ɗaya: a ƙetara a miƙe, ba birki, ba juya kai, ba danna feda. Busasshen ganye da ya rufe hanya yana ɓoye rami da dutse. Haske kuma yana wasa da ido, ka fito daga rana ka faɗa duhu, daƙiƙa biyu ko uku ba ka ganin komai alhali kana gangarawa. Baƙin tabarau na kwalta bai dace da nan ba, fari ko mai ɗan launi kaɗan ya fi.

Laka ma iri-iri ce. Mai ruwa-ruwa ƙazanta ce kawai. Ta yumɓu ita ce bala'i, tana manne wa taya, tana kwasar tsakuwa da ganye, har ta cika tsakanin taya da jikin keke ƙafar ta daina juyawa. A tseren Unbound na 2023 irin wannan laka ta tare mahaya tun a farkon hanya, ƙwararru ma suka sauka suna ɗauke da kekuna a kafaɗa. Don haka a bar aƙalla milimita 6 tsakanin taya da jikin keke ta kowane gefe. Da ka ji ƙafa ta fara nauyi, tsaya, kankare da ɗan itace, ka ɗauki keken ka bi ta kan ciyawa. Wanda ya ci gaba da danna feda zai goge fentin har ya ci jikin keken, ko ya fizge na'urar canza giya.

Ita wannan na'ura tana rataye ne a kan wani ɗan ƙarfe mai laushi da aka yi shi don ya karye a madadin jikin keken. A kurmi busasshen reshe ne ke kashe shi: ya yi tsalle ya shiga tsakanin sarƙa da wayoyin ƙafar baya. Da ka ji ƙarar abu ya shiga, daina feda nan take, zagaye ɗaya ya isa ya yi ɓarnar. Kowane keke da irin maratayinsa, ba kowane mai gyara ke da naka ba, don haka a ɗauki na biyu. Sauran kayan jakata ba su da yawa: tif ɗaya, biyu in tafiyar ta wuce awa biyar, famfon hannu, ƙarfen cire taya, igiyoyin toshe huda, alanki na milimita 3 zuwa 6, abin yanke sarƙa, da mahaɗin sarƙa daidai da yawan giyar keken, domin na mai giya 11 ba ya dacewa da mai 12. Kwalbar iskar gas tana da sauri amma sau ɗaya ce, tana kuma iya daskarar da ruwan roba, shi ya sa famfo ba ya barin jakata.

In hanya ta ratsa rafi, sauka ka duba mashigin. Ruwan da ya kai tsakiyar ƙafar keke zai shiga boris ya wanke giris, bayan makonni ka fara jin ƙara ba ka san mafarinta ba. Ɗauki keken a gefen da ruwa ke gangarawa, don in ya fizge shi kada ya haɗa da kai. Wanda ya kai gwiwa yana gudu, a juya.

Kada a manta cewa yawancin waɗannan hanyoyi wurin aiki ne. Motar gumagumai mai gangarowa da kaya ba ta tsayawa da wuri, kuma a kwana ta cika hanyar bakiɗaya. In ka ji ƙugin inji, fita daga hanya ka tsaya har ta wuce ƙura ta lafa. Allon da ya ce ana sarar itace gaskiya yake faɗa, mai tuƙa injin ba ya ganin ka ba ya jin ka. Ba a hawa tarin gumagumai, ba a fakewa a gindinsa. Inda ake farauta da lokaci, a san lokacin a sa tufa mai haske. Ƙofar makiyaya kuma a bar ta yadda aka same ta.

Ruwan sha ina lissafa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, in da zafi fiye da haka, kuma ba na dogara da ƙoramar da na gani a taswira. Abinci mai sitaci ko sukari gram 30 zuwa 60 a awa, ayaba guda tana ba da kamar 25, kuma tun awar farko ake farawa kafin yunwa ta zo, domin wanda ƙarfinsa ya ƙare shi ke yin kuskure a gangara. Iska tana ƙara sanyi da kamar digiri 6.5 a kowace mita 1,000 ta hawa, ga gumi a jiki ga iskar gangara, don haka rigar tare iska tana cikin aljihu ko da rana ta take. Duhu yana riga agogo shiga kwari mai itatuwa. Fitilar gaba tana kan keke ko da na yi niyyar dawowa da la'asar.

Sabis ɗin waya yakan ɗauke a cikin kwari, don haka taswirar a sauke ta cikin waya tun a gida, a kuma gaya wa wani hanyar da lokacin dawowa. Ganye mai kauri yana raunana siginar tauraron ɗan'adam, ɗigon da ke nuna inda kake yana iya kaucewa da mita da yawa, abin da ya isa ya sa ka ɗauki reshen da ba shi ba a mararraba. Dabarata ita ce in wuce mararrabar da kamar mita 100 in sake dubawa, musamman in reshen gangarawa yake, domin kuskuren da aka yi a gangara da hawa ake biyan sa.

Da na dawo, jikina nake fara dubawa kafin keke. Kaska tana jira a kan ciyawa da ƙananan rassa, tana son bayan gwiwa, cinya, hammata da bakin gashi. A Turai da Arewacin Amurka tana ɗauke da cutar Lyme, kuma cire ta da wuri yana rage haɗarin sosai. A kama ta da ɗan hantsaki dab da fata, a ja a miƙe a hankali, ba murɗawa, ba ƙonawa. In jan zobe ya fito a wurin cikin kwana 3 zuwa 30, ko zazzaɓi ya biyo baya, a ga likita. Keke kuwa da bokiti da burushi ake wanke shi, famfon wanke mota yana tura ruwa cikin boris. A tsane sarƙa, a ɗiga mai a kowace gaɓa, a goge na waje, a kiyaye kada ɗigo ɗaya ya taɓa faifan birki. Ƙurar burji da mai in sun haɗu sukan zama kamar garin wasa wuƙa, don haka ina auna sarƙa da ma'auninta kowane wata, in ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari a keke mai giya 11 ko 12 sai in canza, kafin ta cinye farantan baya da suka fi ta tsada.

Sannan in ɗauki ɗan littafina in rubuta kwanan wata, yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, iskar da na buga, awa nawa tafiyar ta ci, inda na sauka na tura, da mararrabar da ta ruɗe ni. Kwanan watan ya fi komai muhimmanci a shafin. Hanyar da na bi tana sumul a bara, in aka sari itace a gefenta da damina, bana ramukan taya ne masu kai gwiwa, wata kuma da na rubuta mata "kada a sake" sai in tarar an zuba mata sabon dutse an danne, ta koma mataki na 2.